Nazarin Lamari: Tasirin Mujallar IJGIS da Abin da Alƙaluman Ambato Ba Sa Kamawa

A shekarar 1987 kamfanin ɗab'i na Taylor & Francis da ke Birtaniya ya fara fitar da wata mujalla mai suna International Journal of Geographical Information Systems, wadda masu fannin suke taƙaitawa da IJGIS. Terry Coppock na Jami'ar Edinburgh da Eric Anderson daga Amurka su ne editocinta na farko. Sau huɗu take fitowa a shekara a wancan lokaci, yanzu kuwa kowane wata. Fanninta shi ne yadda kwamfuta ke ajiye bayanan wurare, ta yi lissafi da su, ta zana su a taswira: iyakokin filaye, hanyoyi, magudanan ruwa, yaɗuwar cuta, bunƙasar birane da makamantansu.

Tambayar da ke gaban kwamitin ƙarin girma a jami'a, ko ɗakin karatu da ke son yanke shawarar ci gaba da biyan kuɗin mujallar, ko matashin mai bincike da ke neman inda zai kai maƙalarsa, ɗaya ce: wane tasiri wannan mujalla ta yi, kuma da me za a auna shi? Yawanci lamba guda ake dubawa a wuce. Lambar ta ambato ce, wato sau nawa wasu maƙalu suka kafa hujja da maƙalun mujallar. Wannan nazari yana nuna cewa lambar tana auna wani abu na gaskiya, amma ɗan ƙarami, kuma mafi girman aikin da IJGIS ta yi ya bi ta hanyoyin da lambar ba ta leƙawa ko kaɗan.

Yadda mujallar ta zama gidan wani fanni

Lokacin da aka kafa ta, mutane da dama a sassan nazarin ƙasa na jami'o'i suna kallon GIS, wato tsarin kwamfuta na sarrafa bayanan wurare, a matsayin kayan aiki kawai, sana'ar danna maɓalli, ba ilimin da ya cancanci digirin digirgir ba. A 1988 hukumar tallafa wa binciken kimiyya ta Amurka, NSF, ta ba da kuɗin kafa cibiyar NCGIA, wadda ta haɗa jami'o'i uku: Santa Barbara a Kalifoniya, Buffalo a New York, da Maine. A 1990 Michael Goodchild na Santa Barbara ya gabatar da jawabi a wani taro a Zurich, ya faɗaɗa shi, IJGIS ta buga shi a fitowar farko ta 1992 da taken Geographical Information Science, wato kimiyyar bayanan wurare. Hujjarsa ita ce akwai tambayoyin kimiyya a ƙarƙashin manhajar da ba za su gushe ba ko da manhajar ta canza: yadda ake wakiltar abin da ba shi da iyaka tsayayya, yadda kuskuren awo ke yaɗuwa cikin lissafi, yadda sakamako ke sauyawa idan an sauya girman yankunan da aka tattara bayanai a kansu.

A 1997 mujallar ta sauya kalmar ƙarshe ta sunanta daga Systems zuwa Science. Wata mujallar Amurka mai suna Cartography and Geographic Information Systems ta bi sahu a 1999, a 2000 kuma aka fara jerin tarukan GIScience a garin Savannah na jihar Jojiya. Babu wani ma'aunin ambato da ke da gurbin rubuta cewa maƙala guda ta sa fanni ya samu suna, kujerun farfesa da taruka. Sauya sunan ma sai da ya jawo wa masu ƙididdiga matsala, kamar yadda za a gani nan gaba.

Lambar da kowa ke dubawa

Eugene Garfield da Irving Sher ne suka ƙirƙiro ma'aunin da ake kira Journal Impact Factor a farkon shekarun 1960, rahoton ambaton mujallu na shekara-shekara, JCR, ya fara fitar da shi a 1975, kuma tun 2016 kamfanin Clarivate ke riƙe da shi. Lissafinsa ba shi da wuya. A ce mujalla ta buga maƙalu 110 a 2022, ta buga 120 a 2023, jimilla 230. A ce a cikin 2024 an ambaci waɗannan maƙalu sau 1,035 a wallafe-wallafen da ke rumbun Web of Science. Sai a raba 1,035 da 230, a samu 4.5. Shi ke nan. Duk ambaton da aka yi wa maƙalar 2021 ko ta 1992 a waccan shekara bai shiga ba.

Ga fannin da ake gwaji yau a buga gobe, shekara biyu na iya wadatarwa. Ga sabuwar dabarar lissafin wurare, lokacin ya yi kaɗan ƙwarai. Sai wani ya karanta, ya rubuta manhaja, ya gwada a kan bayanansa, ya rubuta tasa maƙalar, ta shafe watanni wurin masu bita, sannan ta fito. Kafin ambaton ya iso, ƙofar ta rufe. Saboda haka ne JCR ta ƙara ma'aunin shekara biyar, da wani adadi da ke nuna tsufan maƙalun da ake ambata, kuma ga mujalla irin wannan su ne suka fi dacewa a duba.

Matsala ta biyu ita ce matsakaici yana ɓoye rarrabuwa. Per Seglen ya nuna tun shekarun 1990 cewa a mujallun da ya nazarta, kimanin kashi 15 cikin ɗari na maƙalu ne ke kawo rabin ambaton, rabin maƙalun da suka fi samu kuma suna ɗauke da kusan kashi 90. A koma ga misalin da ke sama: idan maƙalar bita guda ce ta kawo 200 daga cikin 1,035, cire ta zai mayar da lambar kusan 3.6, ba tare da an taɓa sauran 229 ba. IJGIS na da irin waɗannan. Bitar da Jacek Malczewski ya yi a 2006 kan yanke shawara da ma'aunai da yawa a GIS ta samu ambato dubbai, domin da yawa daga cikin masu zaɓen wurin gina asibiti, juji ko tashar lantarki ta wannan hanya suna ambaton ta. Ambaton halal ne, amma bai ce komai ba game da maƙalar da ke maƙwabtaka da ita a fitowa ɗaya.

Sai batun rukuni. JCR ta sa IJGIS a rukunoni da dama lokaci guda, ciki har da nazarin ƙasa, kimiyyar kwamfuta ta tsarin bayanai, da kimiyyar bayanai da ɗakin karatu. Al'adar ambato ta bambanta a waɗannan rukunoni, don haka mujalla ɗaya da lamba ɗaya na iya zama a rubu'in farko a nan, ta sauka a can. Kwamitin da ya rubuta "Q1", wato rubu'in farko, bai faɗi rukuni da shekara ba, bai faɗi komai ba. Haka kuma kwatanta shekara da shekara na da tarko: daga rahoton 2021 Clarivate ta fara ƙirga maƙalun da aka ɗora a intanet kafin a ba su fitowa, abin da ya ɗaga lambobin mujallu da yawa na ɗan lokaci ba don ingancinsu ya ƙaru ba.

Inda tasirin ya bi

A 1991 IJGIS ta buga maƙalar Max Egenhofer da Robert Franzosa na Jami'ar Maine kan dangantakar siffofi a fili. Tambayar kamar wasa: idan aka ce fili kaza "ya taɓa" fili kaza, me ake nufi daidai, ta yadda kwamfuta biyu za su ba da amsa ɗaya? Sai suka raba kowane fili gida biyu, cikinsa da iyakarsa. Suka duba haɗuwa huɗu tsakanin filaye biyu: ciki da ciki, iyaka da iyaka, cikin na farko da iyakar na biyu, iyakar na farko da cikin na biyu. Kowace haɗuwa ko akwai ta ko babu, wato yiwuwa 16 ke nan, amma ga filaye marasa rami a shimfiɗaɗɗen wuri takwas ne kawai ke iya faruwa: sun rabu, sun taɓa baki, sun hau juna, sun zama ɗaya, wannan na cikin wancan ko akasin haka, wannan ya rufe wancan har iyakarsu ta haɗu ko akasin haka. Daga baya Egenhofer da John Herring suka ƙara "waje" ya zama haɗuwa tara, Eliseo Clementini da abokan aikinsa kuma suka ƙara bayanin ko haɗuwar ɗigo ce, layi ne ko fili.

Wannan tsari ne OGC, ƙungiyar da ke tsara mizanin bayanan wurare, ta ɗauka cikin mizaninta na Simple Features a ƙarshen shekarun 1990, ya zama mizanin ƙasa da ƙasa na ISO 19125 a 2004. Daga nan ya shiga JTS da GEOS, tarin lambobin manhaja da manhajojin taswira irin su PostGIS, QGIS da Shapely suke dogara da su. Duk wanda ya rubuta wa kwamfuta umarnin ST_Touches ko ST_Within don gano filayen da ke cikin yankin ambaliya, zuriyar waccan maƙala yake amfani da ita. Ana yin haka sau ba adadi kowace rana a ofisoshin safiyo, kamfanonin sadarwa da na jigilar kaya, kuma babu ɗaya daga ciki da ke rubuta ambato. Maƙalar ta samu ambato mai yawa a tsawon shekaru, gaskiya ne, amma abin da ya shiga lissafin 1992 da 1993 ɗan tsiriri ne daga ciki.

Misali na biyu ya shafi tudu da kwari. A watan Fabrairun 2000 kumbon Endeavour ya shafe kwana 11 yana auna tsayin doron ƙasa da rada, daga digiri 60 arewa zuwa 56 kudu, aikin da ake kira SRTM. Bayanan sun fito da giɓi a tsaunuka masu tsini, a rairayin hamada da kan ruwa, inda siginar ba ta dawo daidai ba. A 2007 Hannes Reuter, Andy Nelson da Andy Jarvis suka buga a IJGIS gwajin hanyoyin cike giɓin, suka nuna cewa hanyar da ta fi dacewa ta danganta da girman giɓi da yanayin ƙasar. Da wannan aka gina bugu na huɗu na SRTM mai mita 90 da ƙungiyar binciken noma ta duniya, CGIAR, ta saki a 2008, wanda masu nazarin ruwa da noma a duniya suka daɗe suna saukewa. Da yawansu rumbun bayanan suke ambata, ko su rubuta "SRTM" kawai, mujallar ba ta samu komai ba.

Kusan haka ta faru da maƙalar Michael Hutchinson na Ostareliya ta 1995 a IJGIS kan ƙiyasta ruwan sama tsakanin tashoshin awo tare da la'akari da tsayin ƙasa. Manhajarsa ANUSPLIN ce Robert Hijmans da abokansa suka yi amfani da ita wajen gina WorldClim, taswirar yanayin duniya wadda aka raba zuwa ƙananan gidaje, kowane gida kusan kilomita ɗaya. Maƙalar WorldClim ta fito a 2005 a International Journal of Climatology, kuma dubun dubban ambaton da ta samu can suka tafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wanda ya taɓa fitar da magudanan ruwa a manhajar SAGA ko QGIS ya ga wani zaɓi mai suna Fill Sinks, da sunan Wang da Liu a gefensa. Maƙalarsu ta 2006 ce a IJGIS. Taswirar tsayi ta kwamfuta cike take da ƙananan ramuka na bogi, ruwa kuma ba ya fita daga rami, don haka sai an cike su kafin a bi kwararar. Tsofaffin hanyoyi suna zagaya dukkan gidajen taswirar sau da yawa. Tasu tana farawa daga bakin taswirar, tana ɗaukar gida mafi ƙasa a layin jira, tana ɗaga duk maƙwabcin da ya fi shi ƙasa zuwa matakin da ruwa zai iya tsallakewa, ta haka ta gama a zagaye ɗaya. Sauri ya samu, amma dabarar ba ta san gada ko kwalbati ba: titin da ya ratsa rafi sai ta ɗauke shi madatsa, ta cike duk kwarin da ke bayansa ya zama shafaffe. Nan ma akwai darasi ga mai auna tasiri, domin yawan amfani da dabara ba ya nufin ana amfani da ita daidai.

Akwai kuma tasirin da ya zo ta hanyar suka. A kundin farko na 1987 Stan Openshaw da abokansa suka gabatar da wata na'urar lissafi da ke zana dubban da'irori masu hawa juna a kan taswirar arewacin Ingila, tana neman inda cutar sankarar jini ta yara ta yi yawa fiye da ƙima. Ta nuna Seascale kusa da tashar nukiliya ta Sellafield, inda dama ake zargi, ta kuma nuna Gateshead, inda ba a zata ba. Masana ƙididdiga suka yi mata ca, saboda idan ka yi gwaji dubbai dole wasu su fito da "ma'ana" bisa sa'a kawai. Ƙoƙarin gyara wannan aibi yana cikin abin da ya kai ga aikin Julian Besag da James Newell a 1991, da na Martin Kulldorff wanda ya haifi manhajar SaTScan da hukumomin lafiya ke amfani da ita. A mujallun ƙididdiga aka buga waɗannan. Rumbun ambato ba ya bambanta wanda ya yaba da wanda ya kushe, kuma a wannan karon kushen ne ya yi amfani.

Abin da ya wuce ta

Adalci ya sa a faɗi cewa manyan abubuwa da dama na fannin ba a IJGIS suka fara fitowa ba. Ma'aunin LISA na Luc Anselin a 1995 da dabarar GWR ta Brunsdon, Fotheringham da Charlton a 1996 duk a Geographical Analysis aka buga su. Maƙalar Goodchild ta 2007 kan bayanan da jama'a ke bayarwa da kansu a GeoJournal ta fito, gwajin ingancin OpenStreetMap da Muki Haklay ya yi a 2010 kuma a Environment and Planning B. Muhawarar farkon shekarun 1990 kan wa GIS ke yi wa aiki, da batun sa ido da iko, mafi yawanta a wasu wurare aka yi ta. Masu kimiyyar kwamfuta kuwa tarukan ACM SIGSPATIAL suka fi kai aikinsu, kuma ba duk kundayen taruka ne ke cikin Web of Science ba. Ƙari a kan haka, yawancin marubutan daga Arewacin Amurka, Turai da Sin suke, ana kuma gwada dabarun a biranen da bayanai suka wadata. Dabarar da ta yi kyau a inda kowane gida ke da adireshi ba lallai ta tsaya ba a inda babu.

Yadda ya kamata a yi awon

Mai son yin aikin da kyau zai fara da fitar da jerin maƙalun mujallar daga rumbunan ambato na Scopus da Web of Science duka biyun, ya nemi sunayen biyu, na kafin 1997 da na bayanta, domin lambar shaidar mujallar, ISSN, ta canza kuma rumbuna kan lissafa su kamar mujallu daban. Wanda ya manta wannan ya zubar da shekara goma na farko, da Goodchild, Egenhofer da Openshaw a ciki. Ya kuma kula kada ya rikita IJGIS da IJGI, wato ISPRS International Journal of Geo-Information da kamfanin MDPI ya fara a 2012. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, amma ta biyun tana buga ɗaruruwan maƙalu a shekara bisa kuɗin da marubuci ke biya, kuma rikita su kuskure ne da ake gani a takardun neman ƙarin girma.

Daga nan sai a ware maƙalun bita daga na bincike, a jera kowane rukuni daga mafi ƙarancin ambato zuwa mafi yawa, a ɗauki lambar da ta faɗo tsakiya maimakon matsakaici, a kuma ƙirga kason da bai samu ambato ko ɗaya ba bayan shekara biyar. A cire ambaton da marubuci ya yi wa kansa da wanda mujallar ta yi wa kanta, a ga abin da ya rage. Don kwatanci da wasu fannoni, SNIP na cibiyar CWTS da ke Leiden a Holan ya fi dacewa, domin yana la'akari da yawan ambaton da aka saba yi a kowane fanni. CiteScore na Elsevier yana duba shekara huɗu tun 2020, wanda ya fi biyu, ko da yake bai kai ba. Ma'aunin h5 na Google Scholar kuwa yana fifita mujalla mai yawan bugu: wadda ta fitar da maƙalu 50 cikin shekara biyar ba za ta taɓa wuce 50 ba komai ingancinsu. Abokan kwatancin da suka dace su ne Transactions in GIS, GeoInformatica, Computers, Environment and Urban Systems da Journal of Spatial Information Science, ba mujallun hotunan tauraron ɗan adam ba, inda ambato ke gudu da sauri.

Sashen da ya fi cin lokaci, kuma ya fi amfani, da hannu ake yin sa. A ɗauki maƙalu ashirin ko talatin na dabaru, a nemi sunayen marubutansu a takardun bayanin QGIS, GRASS, SAGA, PostGIS da ArcGIS, a kunshin manhajojin R da Python, da takardun mizani na OGC da ISO. A duba su waye ke ambaton: idan masu nazarin ruwa, lafiya da tsara birane ne, dabarar ta fita daga gida, idan 'yan fannin ne kaɗai, magana ce tsakanin dangi. Sanarwar DORA ta San Francisco ta 2012 da ƙa'idoji goma na Leiden na 2015 duk sun yi gargaɗi kan auna mutum da lambar mujalla, a 2020 kuma ma'aikatun ilimi da kimiyya na Sin suka umarci jami'o'i su rage dogaro da ƙididdigar ambato ta SCI wajen ɗauka da ƙarin girma. Kwamitoci da yawa sun sa hannu ko sun ji, amma har yanzu lambar ce a shafin farko, don ita ce ba ta buƙatar karatu.

A 'yan shekarun nan, ƙarƙashin edita May Yuan, IJGIS ta wajabta wa marubuta su bayyana inda za a samu bayanai da lambobin manhajar da suka yi aiki da su. Dalilin a fili yake: wani nazari da Daniel Nüst da abokansa suka fitar a 2018 kan zaɓaɓɓun maƙalun taron AGILE na Turai ya nuna cewa kusan ba a iya maimaita sakamakonsu daga abin da aka wallafa. Sharaɗin yana da tsada. Mai bita sai ya sauke lambobin ya gwada, marubucin da ya yi aiki da bayanan wayar salula ko na marasa lafiya kuma ba shi da ikon sakin su, sai dai ya ƙirƙiri samfurin bogi mai kama da su. Ga mai auna tasiri kuwa ya buɗe wata sabuwar kafa: idan an ajiye lambobin a rumbu irin Zenodo ko Figshare da lambar shaida ta dindindin, wato DOI, tasu, ana iya ganin sau nawa aka sauke su, a kuma bi wace manhaja ce ta gina a kansu. Ya kamata a haɗa lambar DOI ta manhajar da ta maƙalar tun ranar bugawa, domin idan aka bar su a rabe, ambaton zai tafi ga ɗaya ya bar ɗayar, kamar yadda ya faru da SRTM.